Tagogin Ticha Adzaho

Amekpo, Janairu 1987

Davi Mawusi,

Yayata, ina gaishe ki da sunan Ubangiji, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'yan matan makarantar da kike dafa wa abinci a Tamale. Mu nan lafiya, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Matata Akpene tana gaishe ki, ta ce man kaɗen da kika aiko ya ƙare tun kafin Kirsimeti, wai ki san yadda za ki yi. Ɗanki Elikem ya fi ni tsawo yanzu, ya kuma fi ni ci. Hannunsa ya fara faɗawa a aikin katako. Makon jiya ya haɗa kujera shi kaɗai, kuma har yau mai ita bai faɗi ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Asabar muka binne abokin busarmu Efo Gameli. Tari ne, irin wanda ya ɗauki malaminmu na busa, Ticha Adzaho, bara. Mu muka raka shi da badujala tun daga ƙofar gidansa har makabarta, kuma ban taɓa jin nauyin babban ƙahon nan a kafaɗata kamar ranar ba. A hanyar dawowa Kludze ya ajiye nasa ƙahon ya dafa bishiya yana tari, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce taba ce.

Kin san ɗakin busarmu na bayan tsohuwar makaranta, kin kuma san yadda muke zama, don tun muna 'yan aji huɗu Ticha ya ba kowa kujerarsa, ba a sauya ba har muka fara furfura. Shi yana tsaye a gaba da sandarsa. Gameli daf da shi. Kusa da Gameli, Kludze. Kusa da Kludze kuwa ni ne.

Mutanen gari ma sun lura. Jiya a kasuwa tsohuwar nan mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan na ganye, ta dube ni ta ce, "Senyo, Ticha ya isa can ya tarar babu mai busa masa, ko? Ga shi yana ɗibarku ɗaya bayan ɗaya." Na yi dariya na ce, "Mama, in ni yake jira zai sha zama, ko a makaranta ni ne na ƙarshen zuwa." Sai ta ƙara mini dokunu ɗaya kyauta. Kyautar nan ta fi maganar tayar mini da hankali, don kin san ta, ko ɗan cikinta ba ta yi wa gyara.

Kuma ba dama mu tsaya. Kafin ya kwanta, Ticha ya bar mana sabon take na Ista, na ƙarshe da ya tsara. Bai rubuta ba, a kunne ya zuba wa kowa nasa kamar yadda ya saba. Ni kaɗai ya rera wa duka, daga ƙananan ƙahoni har ganga, wai don kaina ba ya yoyo. Ranar Litinin ɗin Ista za mu haɗu da 'yan badujalar unguwar Gangare a mararraba kamar kowace shekara, wanda ya zo da sabon abu shi jama'a za su bi. Shugabansu Dotse da yaransa kuwa sau ɗaya za su ji abu sun ɗauke. Shi ya sa dokar Ticha tana nan yadda ya bar ta: a rufe tagogi, a cusa buhu a ƙarƙashin ƙofa, sannan a busa. Mu ashirin da wani abu, kowace yamma.

Davi, ban faɗa wa Akpene ba, ke nake faɗa wa. Tsoro nake ji. In na shiga ɗakin nan na ga ɗan Gameli a kujerar ubansa, na ji Kludze yana haɗiye tarinsa a gefena, sai bakina ya bushe in kasa fitar da sauti. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Senyo

Tamale, Fabrairu 1987

Senyo ƙanena,

Takardarka ta iso bayan ta gama yawonta a hanya. Ina lafiya, sai gwiwar nan da ba ta son tsayuwa, 'yan mata kuma suna ci kamar fara. Ka gaishe da Akpene, ka ce mata mai yana nan tafe.

Yanzu ka buɗe kunnenka. A tsaye na fara karanta wasiƙarka a bakin murhu, sai da na nemi wuri na zauna. Ba maganar mai dokunu ce ta zaunar da ni ba. Matattu ba sa kafa badujala, Senyo. Ka manta wanda na binne? Baban Elikem da irin wannan tarin ya dawo daga ramin zinariya, ni na wanke tsummokaran jininsa. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ja ni gefe ta ce, "Ki buɗe taga, ki fitar da yaron daga ɗakin, a numfashi ciwon yake tafiya." Na yi yadda ta ce, shi ya sa ni da ɗana muke raye. Ku kuma ƙarti ashirin kun shige ɗaki kun toshe kowace kafa, kuna hura wa juna abin da ke ƙirjinku da iyakar ƙarfinku. Ba Ticha ne ke bin layi ba. Wanda ya fi kusa shi ya fi shaƙa.

Kada ka ce ban san darajar mutumin nan ba. Na san shi ya tsinto ka a bakin rafi kana gudun makaranta, ya ɗora maka ƙahon da ya fi ka girma. Da Baba ya rasu, shi ya riƙe hannunka ya kai ka wajen kafinta. Shi ne kuma ya taɓa zane ka har na je ƙofar gidansa na zazzaga masa rashin kunya, unguwa ta taru. Mutum ne, ya yi muku alheri, ya mutu. Bai san abin da ke ƙirjinsa ba sa'ad da yake rufe ku tare da shi.

Abin da nake roƙonka ke nan. Ka fita daga ɗakin nan, ka je asibitin mishan a duba ka, ka ja Kludze ku tafi tare ko da faɗa ne. Sai maganar Elikem. Na san irin kallon da yake yi wa ƙahon nan naka tun bai iya sa wando ba. Shi kaɗai gare ni. Na ba ka shi ka koya masa katako, ban ba ka shi ka kai shi ɗakin nan ba. Ko ruwan sha kada ka aike shi ya kai can.

In ka san ba za ka ji maganata ba, ka faɗa mini gaskiya in je in durƙusa wa shugabar makaranta ta ba ni izini in taho.

Yayarka,
Mawusi

Amekpo, ƙarshen Fabrairu 1987

Davi,

Gaisuwa mai yawa. Akpene da 'yan matanmu lafiya, Elikem lafiya ƙalau. Allah ya sawwaƙe ciwon gwiwa.

Kludze ya tafi ranar Lahadi, ana cikin sujada. Na kai masa maganarki tun yana iya zama, ya ce asibiti ba ya maganin kiran Ticha. Bayan jana'iza aka yi taro. Efo Tsikata, wanda ke riƙe da sandar Ticha yanzu, ya zagaya ɗakin ya gano tsaga a jikin taga ɗaya, har yatsa yana shiga. Ya ce to ga abin da ya fusata Ticha, mun bar takensa yana tsiyaya waje. Aka je kabarinsa aka zuba giya aka ba shi haƙuri. Ni aka sa na toshe tsagar, tunda ni ne kafinta.

Game da abin da kika roƙa, na ajiye ƙahon. Tun ranar da muka raka Kludze ban ƙara sa shi a baki ba, wani ke riƙe da shi yanzu. Kada ki wahalar da kanki da doguwar hanya.

Ki yi haƙuri da gajeriyar takarda, hannuna ya gaji.

Senyo

Tamale, Maris 1987

Senyo,

Ina lafiya, gwiwa ma ta yi sauƙi, ina jin takardarka ce ta warkar da ita. Allah ya ji ƙan Kludze, ya ba matarsa haƙuri. Na yi masa kuka, don ban manta yadda yake biyo ka gidanmu yana lashe tukunyar Mama ba.

Amma ka yafe mini, ina kukan ina gode wa Allah. Da na kai inda ka ce ka ajiye ƙahon, sai da na taka rawa a tsakar kicin da ludayi a hannu. Abokiyar aikina ta ce, "Mawusi, miji kika samu?" Na ce, "Wanda ya fi miji, ƙanena ne ya yi hankali yana da shekara arba'in da ɗoriya." Ranar Lahadi na tashi a coci na ba da shaida, ban faɗi sunanka ba, na dai ce Ubangiji ya fitar mini da wani daga rami.

Na san abin bai zo maka da sauƙi ba. Na san Tsikata zai yi ta hura hanci, wasu za su daina gaishe ka. Ka bar su. Da yamma in ka ji sun fara, ka ɗauki zarto ka yi ta yanka katako har su gama. Ka dai je asibitin nan, ko don hankalina ya ƙarasa kwanciya.

Na riga na roƙi izinin tafiya, shugabar ta ba ni da ƙyar tana ɓata rai. Yau na koma na ce mata na fasa, sai bayan Ista. Ta ce to kada in ƙara zuwa mata da wata magana kafin nan. Ga man kaɗe na ba direban motar doya, da 'yar takarda ta Elikem a ciki. Ka ce masa uwarsa ba ta mutu ba, ya riƙa rubutu.

Mawusi

Tamale, ƙarshen Maris 1987

Senyo,

Ban ji daga gare ka ba, ban ji daga Elikem ba. Ina fata lafiya. Ni ba lafiya ba.

Jiya na je kasuwa sayen manja na haɗu da Dzidzor, 'yar unguwarmu da ke kawo garin rogo nan. Muna gaisawa sai ta riƙe hannuna ta ce, "Davi, ina taya ki murna, ɗanki ya zama namiji. Na gan shi a jana'izar wata tsohuwa da babban ƙahon kawunsa a kafaɗa, kumatu sun cika, 'yan mata sai leƙe suke." Na ce ba shi ba ne. Ta ce, "Haba, zan kasa gane Elikem? Kawun nasa ma yana baya yana buga ganga, ya rame sai idanu." Ban san yadda na dawo makaranta ba, manjan ma a can na baro shi.

Na ɗauko takardarka na sake karantawa. Ka ce ka ajiye ƙahon. Ba ka ce ka bar ɗakin ba. Ba ka ce me ya sa ka ajiye ba. Ka ce wani ke riƙe da shi, ni kuma na san dokar nan sarai, ƙaho ba ya barin gida, 'ya'yanka kuma duk mata ne. Kai da kanka ka rubuta mini cewa ɗan Gameli na kujerar ubansa. Farin ciki ne ya rufe mini ido, na karanta abin da nake so in gani, har na je coci ina ba da shaida.

Na koma wajen shugabar, ta ce ba ta da mai dafa wa yara ɗari uku, in na fita kada in dawo. In na bar aikin nan ban san da me zan yi jinyar kowa ba, in na zauna kuma ban san me zan tarar ba.

Senyo, wa ke zaune kusa da ɗana? Yana tari? Yana zufa in ya kwanta? Ka dube shi da kyau ka faɗa mini, kada ka ƙara zaɓar mini kalmomi. Ban taɓa roƙonka abu da sunan Mama ba, yau na roƙe ka. Ka fitar mini da shi.

Mawusi

Amekpo, farkon Afrilu 1987

Davi Mawusi,

Takardunki biyu a rana ɗaya suka iso, ta murna da ta kuka. Na fara da ta murnar, ban iya gama ta ba. Akpene na gaishe ki. Elikem ba ya tari, ba ya zufa, yana cin abinci. Wannan gaskiya ce, na dube shi.

Saura kuma ga ta. Ranar da muka raka Kludze, muna hawan tudun makabarta na ji ɗumi a bakina, na duba bakin ƙahon na ga jini. Shi ya sa na ajiye. Tsikata ya mai da ni kan ganga don ba ta son numfashi, kuma dole in kasance a ɗakin tunda ni na san taken duka. Washegari na shiga na tarar da Elikem a kujerata. Ba ni na kai shi ba, amma ban tashe shi ba. Na ce a raina makonni kaɗan ne, yaro ne mai ƙarfi. Ashe ya daɗe yana ɗaukar ƙahon in na fita, yana zuwa gona da shi. Davi, ya iya. Sautinsa ya fi nawa cika, tsofaffi har juyowa suke suna kallonsa, shi kuma ya ga suna kallonsa.

Kin tambayi wa ke kusa da shi. Ƙanen Kludze ne, wanda ya yi jinyarsa har ƙarshe. Makon nan ya fara gyaran murya tsakanin busa da busa. Ina bayansu da ganga, ina ganin wuyan Elikem, ina ganin kafaɗar wancan tana motsi in ya danne tari. Zafi ya cika ɗakin, gumi na zuba a bango, kowa na jan numfashi har ƙasan cikinsa kamar yadda Ticha ya koya mana.

Shekaranjiya na ajiye sandunan ganga na ce a buɗe tagogi. Na faɗa musu duk abin da kika rubuta. Tsikata ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Senyo, yayarka mai dafa wake ce za ta koya mana badujala daga Tamale?" Aka yi dariya. Na ce, "Efo, mutum uku mun binne." Ya ce, "Shi ya sa. Uku sun mutu suna riƙe da abin nan, kai kuma so kake Dotse ya zo bayan taga ya kwashe shi a banza?" Wani daga baya ya ce, "In mun buɗe, me za mu ce wa Ticha?" Ba wanda ya yi dariya a nan.

A gida na tare Elikem. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ba shi takardarki. Ya karanta ya ninke ya ce, "Kawu, kai ka yi shekara talatin a ɗakin nan, ni wata ɗaya za ka hana ni? Bayan Ista in Mama ta ce in sha ruwan asibiti duka zan sha." Na kulle ƙahon a akwatin kayan aiki, Tsikata ya aiko masa da wani. Ya fi ƙarfin in ɗaure shi, ni kuwa ko guduma ba na iya ɗagawa sosai yanzu.

Na yi tunanin in je in ɓalle tagogin, tunda ni na kafa su. Amma na san su, rumbun koko za su koma, wanda ba shi da taga ko ɗaya. Muddin akwai abin ɓoyewa, za su sami inda za su rufe kansu.

Akwai abu ɗaya da ya zo mini a rai, tun da ya zo kuma ban ci abincin kirki ba. Ba zan rubuta shi ba. Ki yi mini addu'a, ko dai in iya, ko Allah ya kawo wata hanya.

Senyo

Asibitin mishan, bayan Ista 1987

Davi,

Ina gaishe ki. In kin taho ki zarce nan, ɗakin maza na ƙarshe, gadon bakin taga. Akpene na kawo mini akple, tuwonmu na masara, da miyar kuɓewa, ina ɗan taɓawa. Kafin komai: an ɗauki hoton ƙirjin Elikem, an duba majinarsa, ba a ga komai ba. Sun ce a dawo da shi bayan wata uku a sake dubawa. Ki zauna ki sha ruwa, sannan ki karanta saura.

Wata hanyar ba ta zo ba. Washegarin ranar da na aika miki takarda, ranar kasuwa ce, na sa rigata ta coci na gangara Gangare da rana tsaka, kowa na gani. Dotse na ƙofar shagonsa yana gyaran keke. Ya ce, "Efo Senyo, lafiya? Ko ɓatan hanya ka yi?" Na ce, "Kira mini yaranka, kowa ya zo da ƙahonsa." Ya dube ni ya ce, "Giya ka sha?" Na ce, "Ka kira su kawai, kuma su tsaya nesa da ni."

Na zauna a benci a waje, suka tsaya a rana. Na fara rera musu na ƙananan ƙahoni, in tari ya zo in juya baya in gama in ci gaba. Ban kai rabi ba Dotse ya cire hularsa. Kin san shi ma ɗalibin Ticha ne kafin ya kore shi. Ya ce, "Wannan hannun tsohon ne. Senyo, ka san abin da kake yi kuwa?" Na ce, "Na sani. Ku ɗauka duka, kuma yau ɗin nan nake so ku busa shi a fili, da ƙarfi, yadda za a ji a tudu." Na ba su na tsakiya, na ba su na babban ƙaho, na buga musu na ganga a cinyata. Duk lokacin nan ji nake kamar wani na tsaye a bayana, ban yarda na waiwaya ba.

Da yamma ina kwance a gida na ji shi yana hawowa daga gangare. Sun yi kuskure a wuri biyu, amma shi ne. Elikem ya ba Akpene labarin abin da ya faru a ɗakin. Suna shirin farawa sai wani ya ce a yi shiru. Tsikata da kansa ya janye buhun ya buɗe ƙofa. Suka fito suka tsaya a filin makaranta suna jin taken Ticha daga bakin 'yan Gangare, wasu na kuka. Tun daga ranar ba a ƙara rufe ɗakin ba, don ba sauran abin rufewa. A gindin mangwaro suka ƙarasa shirin Ista.

Washegarin zuwana Gangare na zo nan. Da na ba likita labarin ɗakin, ya tura mota garin. Wasu sun zo an duba su, wasu sun ƙi. Ƙanen Kludze na gado na uku daga nawa, ɗan Gameli ma an ba shi magani. Ba sa yi mini magana. Ranar Litinin ɗin Ista ƙungiyoyin biyu suka haɗu a mararraba suka busa abu ɗaya. Akpene ta ce jama'a sun rasa wa za su bi, suka yi cirko-cirko, daga baya kowa ya kama hanyar gida.

Elikem ya kawo ni asibiti a kan keke, ya sauke ni ya juya, kuma bai dawo ba. Kada ki yi masa faɗa. Ki zo ki tafi da shi Tamale ya ɗan zauna, akwai kafintoci a can ma.

Jiya Tsikata ya zo. Na nuna masa kujera, ya ƙi zama. Ya tsaya a ƙarshen gado ya ce, "An aiko ni ne. Mun fitar da kujerarka. Ranar da ka mutu ko begila ɗaya ba za ta bi ka ba." Na ce, "Na ji, Efo." Ya juya zai tafi, sai ya ce, "Kai Ticha ya fi so a cikinmu, ka sani ko?" Na ce na sani. Dotse ya aiko cewa in ta kai ga haka su za su raka ni. Na ce a gode masa, amma a'a. Na riga na ba su abin da ba nawa ba, ba zan ƙara da gawata ba.

Likita ya ce huhu ɗaya ya lalace sosai, na zo a makare. Ana yi mini allura kullum. Na tambaye shi ko zan tashi, ya ce mu ga yadda wata mai zuwa zai kasance, yana maganar yana kallon takardarsa.

Ban yi da-na-sani ba, Davi, ɗanki na numfashi. Amma tsoron bai tafi ba, wuri ya sauya. Na raka mutanen garin nan da yawa, na san hanyar makabarta kamar tsakar gidanmu, inda ake rage sauti a gaban coci, inda ake ƙara shi a hawan tudu don masu ɗauka su sami ƙarfi. Ban taɓa tunanin zan bi ta shiru ba. Na san abin da za ki ce, na kuma yarda da ke da rana. Duk da haka in na rufe ido ina ganin Ticha a ƙarshen hanyar da sandarsa, yana jira in yi masa bayani.

Saboda haka ga roƙona, in abin ya zo. Ki yi tafiya kusa da akwatin, daidai kaina, ki riƙa magana har a kai. Ko faɗa ne ki yi mini, kin iya. Ba na son in isa gabansa babu sauti ko ɗaya a bayana.

Ƙaninki,
Senyo